Wa Ya Ce Ƙaramin Mashin Ya Yi Wa Ƙwararre Kaɗan?

Da zarar matashi ya shekara a kan Boxer ko Jincheng, sai abokai su fara zuga shi cewa hannunsa ya faɗa, lokacin babban mashin ya yi. Wannan lissafi bai fita ba. Aikin da mashin yake yi shi ne ma'auni.

Mai zirga-zirga tsakanin Kabuga da Sabon Gari a Kano, cunkoso ne ke hana shi gudu, injin 100cc ya ishe shi. Babban inji a nan ƙarin nauyi ne da shan mai, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Kayan gyaran Boxer ko'ina akwai, na babban mashin kuwa sau da yawa sai an yi oda. Tamkar sayen waya mai RAM 12GB ne don WhatsApp kaɗai.

Mai bin hanyar Kano zuwa Zariya da kaya, wanda wuce tirela ke zame masa kasada, yana da hujjar neman 150cc ko fiye. Sauran kuwa, gara su sa kuɗin a hular kwano, tayoyi masu kyau da gyaran birki.