Hukuncin Wanda Ya Kama Aiki Jiya, Yau Aka Kira Shi Ga Wanda Ya Fi Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta mutumin da ya daɗe yana neman aiki, ya rubuta takardu wurare da dama, har Allah Ya sa wani wuri ya ɗauke shi. Bai yi wata biyu da kamawa ba, sai ga takarda daga wata ma'aikata da ta fi wannan albashi da daraja, ana kiransa intabiyu. Abokai sukan ba shi shawara ya ɓoye sabon aikin, ya ce yana zaune ne tun da ya bar na dā, don kada a ɗauke shi mai tsalle-tsalle. To, mene ne shari'a ta ce?

Neman abin da ya fi ba laifi ba ne. Annabi Yusufu, alaihis salamu, da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma ambaci tsaronsa da saninsa, kamar yadda ya zo a aya ta 55 cikin surarsa. Magidanci mai iyali da ya ga inda zai fi samun abin ciyar da su bai yi kwaɗayi abin zargi ba. Sai dai wannan mutum yana tsakanin haƙƙoƙi biyu, na wanda zai je wurinsa da na wanda yake cin albashinsa yanzu.

Mu fara da na masu intabiyu. Ɗaukar ma'aikaci ciniki ne, malaman fiƙihu suna kiransa ijara, watau sayen amfanin mutum da lada sananne. A hadisin Hakimu ɗan Hizamu, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya bayyana cewa masu ciniki biyu in sun yi gaskiya sun bayyana, a sa musu albarka, in sun ɓoye sun yi ƙarya, a shafe albarkar cinikinsu. A lura, ɓoyewa aka haɗa da ƙarya. Saboda haka idan fom ya ce a jera duk wuraren da aka yi aiki, ko aka tambaye ka inda kake yanzu, ka tsallake wannan wuri, ka yi ha'inci, albashin da za ka ci shekara da shekaru kuwa a kan wannan amsa aka gina shi.

Wani zai ce, ai akwai tauriyya, in faɗi magana mai fuska biyu. Tauriyya mafaka ce ga wanda ake zalunta, ba a ba da ita don a rufe wa mai haƙƙi ido ba. Ko a rantsuwa, hadisin Muslim ya nuna niyyar mai rantsarwa ake bi. Wanda ya ce “aikina na ƙarshe shi ne na kamfani kaza”, yana nufin na ƙarshe da ya bari, ya san abin da mai sauraro zai fahimta.

In ba a tambaya ba fa? Mu a ganinmu ya faɗa da kansa, domin ranar da zai iya kama aiki tana rataye da wannan, kuma ba za a rasa tambayarsa ita ba. Balle a zamanin nan da asusun fansho, tun dokar 2004, yake bin ma'aikaci duk inda ya koma, da sunan wanda ya zuba masa kuɗi. Abin da aka ɓoye a ɗakin intabiyu yakan fito a ofishin albashi.

Faɗar gaskiya kuma ba ta bukatar dogon bayani. Ya isa ya ce, “Ranka ya daɗe, na kama aiki a wuri kaza wata biyu da suka wuce. Na rubuto muku tun kafin nan, wannan aiki naku kuwa shi ne ya dace da abin da na karanta, shi ya sa na amsa kira.” In haka abin yake, to, ya faɗe shi haka. Amma kada ya nemi wanke kansa da cin naman mutanen da suka ɗauke shi lokacin da ba shi da komai, ya ce shugabansu azzalumi ne ko ba su san aiki ba. Wannan giba ce, kuma mai hankali a cikin masu tambayar zai gane cewa gobe shi za a ci. Haka nan asirin ma'aikatar da yake ciki amana ce a wuyansa, ko da an yi masa tambaya a kai.

Haƙƙi na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura, hadisi kuma ya tabbatar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Malamanmu na Malikiyya, a babin haya, sun rarrabe tsakanin abin da aka yanke wa wa'adi sananne, wanda ya lazimci ɓangarorin biyu har ya cika, da abin da aka ƙulla wata-wata ba tare da iyaka ba, wanda kowa yana da ikon fita, sai gwargwadon abin da aka riga aka biya. A kan wannan muke auna aikin albashi. Wanda ya sa hannu cewa zai yi shekara biyu, ko aka tura shi kwas da sharaɗin ya dawo ya yi aiki, ba shi da ikon tafiya sai da yardarsu, ko ya biya abin da takardar ta yanke. Dubi Annabi Musa, alaihis salamu, da dattijon Madyana a Suratul Ƙasas: shekara 8 aka sharɗanta, 10 kuwa kyautatawa ce daga gare shi, Ibnu Abbas ya ce mafi tsawon wa'adin ya cika.

Wanda ba a yanke masa wa'adi ba, abin da ke kansa shi ne notis. Ya koma ga takardar ɗaukarsa ya ga abin da ta ce. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 11, ta sa kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara 2 ba. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma dokar ba ta game manyan ma'aikata da ƙwararru ba, su takardarsu ce hukuncinsu, sau da yawa wata guda ne ko albashin wata a madadinsa. Abin da muke gani na mutum ya karɓi albashi ranar Alhamis, Litinin a neme shi a rasa, ba shi da wata madogara a addini. Malamin makaranta da ya bar ɗalibai ana gab da jarrabawa, ko ma'aikacin asibiti da ba a sami madadinsa ba, ya kyautu ya roƙi sabon wuri su ɗaga masa ƙafa, ko da doka ta sake shi.

Saura ranar intabiyun kanta. Awannin aiki an riga an saye su daga gare ka, ba naka ba ne. Kada ka ce ba ka da lafiya alhali lafiyarka ƙalau, kada ka kashe kakarka da ta rasu tun tuni. Ba dole ba ne ka gaya wa shugabanka inda za ka, domin ba a ɗauke ka ba tukuna, yin shiru a nan bai tauye haƙƙin kowa ba. Ka nemi izini ka ce wani uzuri ne na kanka, a cire ranar daga hutunka ko daga albashinka. In ya matsa sai ya ji, ka gaya masa.

Wallahu a'alamu.