Gayya ce, ba sai gwani ba

Jama'a, ɗalibanmu na Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi sukan ce sai sun ƙware kafin su sa hannu a manhajojin da kowa ke da ikon gyarawa. Ni kam ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a fadamar Zauro ya san ba kowa ke riƙe lauje ba. Wani dami yake ɗaurewa, wani ruwa yake kaiwa. Haka manhajar Linux ta girma tun da Linus Torvalds ya sake ta a 1991. Kai ma kana da abin yi: ka sauke manhajar LibreOffice, ai kyauta ce, ka rubuta wasiƙa da Hausa. In ƙ ko ɗ ta rikiɗe, ka kai rahoto ga masu kula da ita, ka faɗi irin kwamfutarka da abin da ka danna daki-daki. Injiniyan da ke Jamus da wuya ya gano wannan sai ka faɗa masa. Amma fa ka fara duba ko wani ya riga ka, don yawancin masu kula da aikin 'yan sa-kai ne, ba su da lokacin amsa tambaya ɗaya sau goma.