Lafiyar Uwargida: Ba Kowane Ƙari Ne Daji Ba



A ce an ɗauki hoton bayanki a asibiti, likita ya ce akwai ƙari a ƙashi. Kafin ya rufe baki, zuciya ta tafi ga ciwon daji. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Akwai ƙarin da likitoci ke kira hemanjiyoma: ƙananan jijiyoyin jini ne ke curewa a cikin ƙashi. Ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Ya fi zama a ƙashin baya da ƙoƙon kai, kuma ya fi samun mata. Kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da shi a ƙashin baya, yawancinsu har su tsufa ba su sani ba, ba sa kuma buƙatar magani.

To, ina abin kula? Lokacin goyon ciki, musamman watanni 3 na ƙarshe. Jini yana ƙaruwa, mahaifa tana danne manyan jijiyoyi, sai ƙarin ya kumbura ya matse laka. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma jinkiri na iya shanye ƙafafu. In ciwon baya ya tsaya wuri ɗaya yana tsananta, ƙafafu suka yi nauyi ko suka dinga mutuwa, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninki ba, kada ki yarda a ce miki nauyin ciki ne. Ranar za ki tafi asibiti.

Haka in kumburi mai tauri ya fito a kai, naki ko na yaro. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada mai ɗori ya murza. Yana iya zama buhun jini, in aka huda shi tsayar da jinin sai an sha wuya.

Ko kina Ƙofa, Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa, ki fara da asibiti mafi kusa, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Kafin kowane hoto, ki faɗa musu kina da ciki. Hoton MRI ne ke nuna ko lakar ta matsu, kuma akwai magani: toshe jijiyoyin ko tiyata.

Ki nuna wa maigida wannan tun yau, don ranar tafiya kada a tsaya gardama. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya.