YARO NA IYAYENSA NE: DARASI DAGA AIKIN MISHAN A ƘASAR SIN

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babu wanda ya fi 'yan mishan fahimtar wannan karin magana, don duk ƙasar da suka sauka, bayan ɗakin ibada sai makaranta da gidan marayu. Babu kuma inda aikin nan na yara ya jawo alheri da fitina a haɗe kamar Ƙasar Sin. Labarin ya cancanci mai karatu ya tsaya ya duba, don tambayar da ke cikinsa ta shafi kowane uba: wa ke da ikon cewa ga abin da za a koya wa yaro game da Allah?

Robert Morrison, mutumin Birtaniya, ya isa Canton a 1807, ya yi shekaru yana fama da fassarar Littafi Mai Tsarki cikin harshen Sinanci. Amma ƙofar cikin ƙasar ba ta buɗu sosai ba sai bayan da Turawa suka ci Sin da yaƙi har sau biyu a kan cinikin ƙwayar ofiyom. Yarjejeniyar 1858 da ta 1860 su suka ba 'yan mishan izinin kutsawa lungu-lungu. Wato a idon talakan Sin, mai wa'azi da mai igwa jirgi ɗaya ya kawo su. Daga nan zargi ya samo asali.

A birnin Tianjin, cikin 1870, waɗansu mata 'yan ɗarikar Katolika suna riƙe da gidan marayu. Niyyarsu ta ceto ce, amma sun yi kuskure biyu. Na fari, sukan ba da ɗan tukuici ga wanda ya kawo musu yaro, abin da ya sa mutane suka ce ana kwaɗaita wa ɓarayin yara. Na biyu, suna karɓar jarirai da ke bakin mutuwa don a yi musu baftisma, ga shi kuma mutanen gari ba su san abin da ke gudana bayan katanga ba. Da annoba ta faɗa gidan, yara suka yi ta mutuwa, sai ji-ta-ji-ta ta bazu wai ana ƙwaƙule idanunsu ana haɗa magani. Ran 21 ga Yuni jakadan Faransa a birnin, Fontanier, ya yi harbi wajen gardama da hakimin gari, jama'a suka far masa. Kafin ƙura ta lafa an kashe shi, an kashe matan nan goma, da waɗansu Turawa, da Sinawa Kirista masu yawa. Babban jami'in da sarki ya tura bincike, Zeng Guofan, ya tarar zancen idanu ƙarya ne. To, amma aikin gama ya gama.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar China Inland Mission a 1865, ya sa mutanensa su yi shigar Sinawa, su ci abincinsu, su ji harshensu. A tarzomar 'yan Boxer ta 1900 ƙungiyarsa ta rasa ma'aikata 58 da 'ya'yansu 21, amma ta ƙi karɓar diyya daga gwamnatin Sin. Sinawa sun lura da wannan.

Sai kuma Gladys Aylward, 'yar aikin gida daga Landan, wadda ƙungiyar Taylor ɗin ma ta ga ba za ta iya ba. Ta tara 'yan kuɗinta, ta bi jirgin ƙasa ta Saberiya a farkon shekarun 1930, ta sauka garin Yangcheng a lardin Shanxi. Ita da wata tsohuwa, Jeannie Lawson, suka buɗe masauƙin fatake masu alfadarai, kowa ya shiga ya fita yana ganin abin da ake yi. Hakimin garin ya naɗa ta mai zagaya ƙauyuka tana hana ɗaure ƙafafun 'yan mata, tsohuwar al'adar da ke naƙasa su. A 1936 ta zama 'yar ƙasa. Da sojan Japan suka matso, a 1940, ta ja marayu wajen ɗari a ƙasa, suka haye duwatsu, suka ƙetare Rawayan Kogi, har ta kai su tudun mun tsira, ita kuma ta faɗi ciwo. A Taiwan ta rasu a 1970, tana kan riƙon marayu.

Abin da ya raba Tianjin da Yangcheng a fili yake. Can katanga ce da jakada mai bindiga, nan ƙofa ce a buɗe da yardar mutanen gari. Duk mai son taɓa ɗan wani, ko da magani ne a hannunsa, sai ya fara samun amincewar masu ɗa.

Bayan Mao Zedong ya kafa mulkin Kwaminis a 1949, an sallami 'yan mishan na waje, zuwa 1953 ƙungiyar Taylor ba ta da kowa a ƙasar. A zamanin Juyin Al'adu, 1966 zuwa 1976, an rufe majami'u da masallatai baki ɗaya, sai 1979 aka fara buɗewa. Abin mamaki, Kiristocin Furotesta da ba su wuce miliyan ɗaya ba a 1949, gwamnati da bakinta ta ce sun kai miliyan 38 a 2018, ban da 'yan Katolika miliyan 6. Ba Bature ne ya yi wannan aiki ba. Iyaye da kakanni ne suka riƙe abin a cikin ɗaka.

A nan ne gwamnatin Sin ta kauce hanya. A 2017 hukumomin Wenzhou suka hana karatun yara na ranar Lahadi. Sababbin dokokin addini sun fara aiki a Fabrairun 2018, a larduna irin su Henan aka liƙa sanarwa a ƙofar majami'u cewa wanda bai kai shekara 18 ba kada ya shiga. Musulmi ma ba su tsira ba, don a wannan shekarar hukumomin Linxia, a lardin Gansu, sun hana yara zuwa karatun addini lokacin hutu.

Masu goyon bayan gwamnati sukan ce ana kare yara ne daga tasirin baƙi, kuma tarihin da aka kawo a sama ya nuna tsoron nasu yana da tushe. Amma baƙin sun tafi yau fiye da shekara saba'in. Wadda ake tarewa a ƙofar majami'a yanzu uwa ce riƙe da hannun ɗanta. In laifi ne ɗan mishan ya koya wa yaro addini ba da sanin ubansa ba, to laifi ne kuma hukuma ta hana uban koya wa ɗansa. Duka biyu ƙwace ne, hannun da ya yi ƙwacen ne kawai ya bambanta.

Magidancin da ke zaune a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba, wanda 'ya'yansa ke tashi cikin mutane masu wani harshe, wani lokaci da wani addini, ya san nauyin wannan magana. Abin da ya kamace shi guda uku ne. Ya san malaman da ke koyar da ɗansa. Ya tambayi abin da ake koyarwa, ba da faɗa ba. In ya ji ji-ta-ji-ta a kan wata makaranta ko gidan marayu, ya je ya gani da idonsa kafin ya yaɗa, don a Tianjin ƙarya ce ta ci rayuka. Masu aikin yara kuma, na mishan ne ko na Islamiyya, su bar ƙofa a buɗe, su nemi izinin iyaye, kada su mai da abinci ko magani ƙugiyar kama ɗan mayunwaci.

Allah Ya shirya zuri'a, Ya ba iyaye ikon riƙe amana.