Wa Zai Duba Hannun da Ke Riƙe Alli?

A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Mun yi murna, kuma murnar tana da hujja. Sai dai masu tsara dokar sun ƙidaya shekaru, sun manta da gaɓɓai. Malamar da za ta tsaya gaban allo har ta haura sittin, da wane ƙashi za ta tsaya?

Babu reshen da ba shi da irinta. Tana tashi da asuba yatsunta sun sage, sai an yi awa guda kafin ta iya damƙe buta. Wuyan hannu ya kumbura, na dama da na hagu lokaci guda. Mu kuwa suna ɗaya muke da shi ga kowane ciwon gaɓa: sanyi. A ce mata sanyi ne, a ce shekaru ne, a ce ta yi haƙuri. Alhali akwai nau'in amosanin gaɓɓai da ba ruwansa da hunturu ko tsufa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin da ke lulluɓe da gaɓa, ta yi ta cinsa har guringuntsi da ƙashi su lalace. Ya fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, kuma aikinmu na firamare cike yake da mata. Yatsan da ya riga ya karkace ba ya komawa daidai, shi ya sa watannin farko suke da tsada ƙwarai.

Maganin da ke taka wa cutar birki yana nan, ba sabo ba ne. Methotrexate, alal misali, sau ɗaya ake shansa a mako, tare da folic acid, ana bin sawun hanta da jini da gwaji, kuma ba a ba mai juna biyu. Wannan ba aikin mai kemis ba ne. Aikin ƙwararren likitan gaɓɓai ne, su kuwa 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, galibinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane. Malamin ƙauye da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, ina kuɗin mota, ina na gwaji, wa zai riƙe masa aji?

To sai a nufi kemis a karɓo “haɗi”. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone. Kwana biyu ciwo ya lafa, mutum ya yi kumatu, abokan aiki su ce ya murmure. Ana maganin ƙaba kai na kumbura: irin waɗannan ƙwayoyi, idan aka ɗauki watanni ana sha, zaizaye ƙashi suke yi, ga cutar kanta tana zaizayarsa, ga ɗaukewar al'ada ta zo ta ƙara nata. Zaizayar ƙashi kuwa ba ta sallama. Ranar da aka zame a bakin rijiya ƙugu ya karye, ko baya ya fara ranƙwafawa, ranar ake sanin ta daɗe a gida. Mai ɗori zai ɗaure karaya, amma ba zai mayar wa ƙashi ƙwarinsa ba. Wanda kuma ya daɗe yana shan ƙwayoyin nan, kada ya yanke su dare ɗaya. Likita ne ke rage su sannu a hankali.

Za a ce mana mu sha nono, mu ci zogale da riɗi, mu motsa jiki, mu sha hantsi. Mun ji, duk suna da amfani. Amma kwaɗon zogale ba ya auna ƙashi. Akwai na'urar da ke auna ƙwarinsa, akwai magunguna irin su alendronate da ke rage haɗarin karaya, kuma kowane wata ana cire wani abu daga albashinmu da sunan inshorar lafiya. Idan abin da kuɗin nan ke saya mana bai wuce Panadol da maganin zazzaɓi ba, muna da haƙƙin tambayar inda sauran ya tafi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe su ɗauki wannan batu zuwa teburin tattaunawa, kafaɗa da kafaɗa da batun ƙarin girma da bashin albashi. A rubuta a fili cewa duk malamin da gaɓoɓinsa suka kumbura har mako shida za a tura shi ga ƙwararre ba tare da jeka-ka-dawo ba, gwaje-gwajensa da magungunansa na cikin tsarin, kuma ranar ganin likita ba za a rubuta masa ita a matsayin fashin aiki ba. Malamar da hawa bene ko doguwar tsayuwa ta gagare ta, a ba ta aji a ƙasa da kujera mai kyau. Wakilan makarantu su fara tattara adadin masu fama da wannan ciwo, ba tare da sunaye ba, su miƙa wa sakataren reshe kafin taro mai zuwa.