Filin 'Yan Makaranta: Lissafin Jirgi da Gudun Ruwa

Ga mu kuma a wannan wata da wata tambaya da takan kayar da yara a jarrabawar lissafi, musamman masu shirin BEPC, wato tambayar jirgin ruwa da gudun kogi.

Kowa ya san kogin Binuwai da ya ratsa Garwa ya nufi Yola. Mai jirgi in ya bi ruwa, ruwan na tura shi, gudun jirgi da na ruwa su haɗu. In ya juyo yana hawa, ruwan na ja masa baya, sai a ɗebe gudun ruwa daga na jirgi. Asirin lissafin ke nan.

Ga misali. Wani jirgi mai inji ya gangara kilomita 24 cikin awa 2. Da ya juyo, sai da ya yi awa 3 kafin ya iso gida. Mene ne gudun jirgin, mene ne gudun ruwan?

Mu kira gudun jirgi x, gudun ruwa y. A raba nisa da lokaci. Gangarawa: 24 raba 2, wato 12. Hawa: 24 raba 3, wato 8. Ga layi biyu:

x + y = 12
x − y = 8

A tara layukan, y ya ɓace, saura 2x = 20. Ashe x = 10, y = 2. Jirgin na gudun kilomita 10 a awa, ruwan kilomita 2. A gwada: 10 da 2 sun yi 12, 10 ban da 2 saura 8. Daidai.

Hattara da tarko ɗaya. In an tambayi matsakaicin gudu na zuwa da dawowa, kada a ce 10. Tafiyar duka kilomita 48 ce cikin awa 5, amsa 9.6. Dalili kuwa, jirgin ya fi daɗewa a hawa. Shi ya sa mai jirgi mai hankali ke ajiye man dawowa fiye da na tafiya.

Wannan fanni, aljabara, ya samo sunansa daga littafin Al-Khwarizmi na Bagadaza, wajen shekara ta 820.

Ga aikin gida: jirgi ya gangara kilomita 36 cikin awa 3, ya dawo cikin awa 6. Ku nemo x da y. Iyaye a taimaka a zaunar da yara. Amsa sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.