Kada A Yanka Filaye A Manta Da Burtali

Dokar mallakar ƙasa ta Nijeriya ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma, da na gida, da na kiwo a karkara. To, amma sau da yawa in ƙaramin gari ya fara bunƙasa, sai a yanka filaye har cikin burtali da bakin tafki. Shanu kuwa ba su da fiffike. In an toshe musu hanya, gonar talaka za su bi, daga nan sai rigima, sai gaban alƙali. Lalle ya kamata majalisa ta tara dagaci da manoma da arɗo tun da rani, a kafa duwatsun iyaka kafin a sayar da ko taku ɗaya. Rigakafi ya fi magani.